Tambayoyi da Amsoshi Kan Fitar Ma'aurata Zuwa Wani Birni a Ƙarshen Mako

Waɗannan su ne tambayoyin da miji da mata suka fi yi idan suka ƙuduri aniyar barin gida na kwana biyu, su je wani birni su ga wuraren tarihinsa, su kuma ɗanɗani abincin mutanensa. An kawo misalai daga birane daban-daban domin a fahimci yadda lamarin yake, amma shawarwarin za su yi amfani ko da birnin da za a je bai wuce tafiyar awa biyu daga gida ba.

Kwana biyu za su isa a ga birni kuwa?

Ba za su isa a ga birni gaba ɗaya ba, kuma wanda ya ɗauri niyyar yin hakan zai dawo gida da gajiya da tarin hotuna, ba tare da ya riƙe komai a zuciyarsa ba. Abin da kwana biyu za su isa a yi shi ne a san unguwa ɗaya ko biyu sani na sosai, a taka lungunansu da ƙafa, a zauna a ci abinci ba tare da ana duban agogo ba. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi ita ce a ware babban wuri guda ɗaya kacal a kowace rana, sauran lokacin kuma a bar shi a buɗe. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a gajeriyar tafiya.

A birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, alal misali, Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmed suna kallon juna ne, fili ɗaya ya raba su, fadar Topkapi kuma tana bayan Ayasofya, tafiyar 'yan mintuna. An kammala ginin Ayasofya a shekarar 537 a matsayin coci, aka mayar da ita masallaci bayan Daular Usmaniyya ta ci birnin a 1453, ta zama gidan tarihi a shekarun 1930, sannan ta koma masallaci a 2020. Ginin da ya ratsa duk waɗannan zamanai bai cancanci a leƙa shi cikin minti goma a wuce ba. Ma'auratan da suka ba wannan unguwa yini guda cur sun fi waɗanda suka zaga wurare bakwai a mota cin ribar tafiya.

Yaya za mu zaɓi birnin da za mu je?

Ku fara da lissafin hanya kafin ku duba kyawun gari. Lissafin kuma daga ƙofar gida ake fara shi har zuwa ƙofar masauki, domin jirgin da zai yi awa ɗaya a sama yana iya cinye rabin yini idan aka haɗa da zuwa filin jirgi da bincike da jiran kaya. Idan tafiyar za ta haura awa huɗu ko biyar a zuwa, haka kuma a dawowa, to kusan rabin hutun ya tafi a hanya, kuma gara a ajiye wannan birni har sai an sami hutu mai tsawo.

Ku kuma duba wane filin jirgi ne za a sauke ku, domin tikiti mai rahusa yakan ɓoye nisa. Filin jirgin Beauvais, wanda ake sayar da tikitinsa da sunan Paris, yana da nisan kimanin kilomita 85 daga birnin. Istanbul na da filayen jirgi biyu, ɗaya a ɓangaren Turai, ɗaya kuma mai suna Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma dukansu suna nesa da tsohon gari. Jirgin ƙasa ya fi sauƙi inda akwai shi, saboda a tsakiyar gari yake ajiye mutum: daga Landan zuwa Paris bai kai awa biyu da rabi ba, haka ma jirgin Al Boraq na ƙasar Maroko, wanda aka buɗe a 2018, yakan haɗa Tanja da Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintuna.

Bayan hanya, sai a fifita birnin da wuraren kallonsa suke kusa da juna, inda ƙafa za ta wadatar.

Ashe akwai wuraren da ake rufewa a ƙarshen mako?

Akwai su, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ɓata wa mutane rai, alhali minti biyar na bincike ya isa ya kawar da shi. Babbar kasuwar Istanbul mai rufi ba ta buɗewa ranar Lahadi, saboda haka mai son ganinta sai ya sa ta a ranar Asabar. Gidajen tarihin Batikan da ke Roma ma a rufe suke ranar Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata, ranar da ake shiga kyauta kuma cunkoso ke kai maƙura. Waɗanda suka ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan hutunsu su sani cewa a Paris gidan tarihin Orsay yana hutu ranar Litinin, Louvre kuma ranar Talata, haka ita ma fadar Topkapi ranar Talata take rufewa.

Shi kansa ƙarshen mako ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Masar da Saudiyya Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, yayin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi tun farkon 2022. Wanda ya isa Alƙahira ranar Juma'a da safe zai tarar da tituna sun yi sauƙi, shaguna da yawa kuma ba su buɗe ba sai bayan an sauko daga masallaci. Manyan masallatan tarihi kan dakatar da masu yawon buɗe ido a lokutan salla, don haka wanda ya zo kallon gini kawai ya zaɓi lokacin da ke tsakanin salloli.

Dole ne mu sayi tikitin shiga tun kafin mu tashi?

Ga babban wurin da saboda shi aka yi tafiyar, dole ne. Fadar Alhambra da ke Granada a ƙasar Sifaniya, wadda sarakunan Banu Nasr suka zauna a cikinta har zuwa faɗuwar birnin a 1492, tana karɓar adadin mutane ƙayyadadde a kowace rana, kuma tikitin shiga ɗakunan sarakunan yana ɗauke da lokacin shiga, wanda idan ya wuce ba a sake bari a shiga. Tikitinta kan ƙare makonni kafin ranar a lokacin da baƙi suka yi yawa. Ku saya daga shafin intanet na hukumar wurin, ku zaɓi lokacin farko na safe, domin da sanyin safiya ake kama fara. Sauran wurare ƙanana kuwa ba sa bukatar wannan ɗawainiya, kuma wasu manyan ma kyauta ne, kamar Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan.

A ina ya fi dacewa mu sauka?

A tsakiyar inda za ku yi yawo, ko da ɗakin ƙarami ne. Masauki mai faɗi da ke bayan gari yana da daɗi ga mai hutun mako guda, amma ga mai kwana biyu yana nufin awa biyu a mota kowace rana, kuma yana hana abu mafi amfani, wato komawa ɗaki da rana a watsa ruwa, a miƙe ƙafa, a sake fitowa da yamma da sabon ƙarfi.

Wasu birane suna da irin masaukinsu na gargajiya wanda shi kansa abin gani ne. A Marrakesh ta ƙasar Maroko akwai gidajen da ake kira riyad, tsofaffin gidaje masu tsakar gida da bishiyoyi da ɗan kududdufin ruwa, waɗanda daga waje bango ne kawai da ƙaramar ƙofa. Sai dai mota ba ta isa ƙofar yawancinsu saboda ƙuncin lunguna, don haka ya kamata a nemi masu gidan su turo wanda zai tarbi baƙi, musamman idan da dare za a iso. Kafin ku biya, ku tambayi lokacin karɓar ɗaki da na barinsa, da ko za su ajiye muku kaya bayan kun fita. Yana da kyau kuma ku riƙe kwafin takardar aurenku, domin wasu otal a wasu ƙasashe suna nemanta kafin su ba namiji da mace ɗaki ɗaya.

Ta yaya baƙo zai gane inda ake abinci mai kyau?

Ya dubi masu ci kafin ya dubi abincin. Wurin da ma'aikata da iyalai da tsofaffin unguwa suka cika, ana magana da harshen garin, da wuya ya ba mutum kunya. Wurin da aka tsayar da wani a ƙofa yana kiran masu wucewa, aka jera hotunan abinci hamsin da harsuna shida, kuma yana daf da ƙofar babban wurin kallo, yawanci tsada yake da ita ba daɗi ba. Sau da yawa tafiyar layi biyu ko uku daga dandalin baƙi ta isa ta sauya komai. Gajeren jerin abinci alama ce mai kyau, domin wanda yake dafa abu uku kullum ya fi iya su a kan mai dafa talatin.

Kafin tafiya, ku nemi sunan abinci biyu ko uku da aka san garin da su, ku sa su a gaba kamar yadda kuka sa gine-gine. A Alƙahira akwai koshari, haɗin shinkafa da taliya da ƙaramin waken da Larabawa ke kira adas, a zuba miyar tumatir a barbaɗa soyayyiyar albasa, kuma akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai shi. A Marrakesh akwai tanjiya, wadda yadda ake dafa ta ma labari ne: ana zuba nama da tafarnuwa da lemon tsamin da aka jiƙa a gishiri da kayan ƙamshi a cikin tukunyar ƙasa mai kama da tulu, a rufe bakinta da takarda a ɗaure, a kai wa mai hura wutar gidan wanka na unguwa, shi kuma ya binne ta a cikin toka mai zafi na tsawon awoyi, har naman ya narke ya rabu da ƙashi. A Singafo kuwa cibiyoyin masu sayar da dafaffen abinci sun shahara har hukumar UNESCO ta sa al'adarsu cikin jerin kayan gadon duniya a 2020.

Wani lokaci abincin da ya fi zama a rai shi ne mafi sauƙi. A bakin ruwan Eminonu a Istanbul ana sayar da gasasshen kifi a cikin burodi da albasa da latas, a ci a tsaye. Daga nan sai a shiga jirgin ruwan da mutanen gari ke hawa zuwa Kadikoy, a tsallaka mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya cikin minti ashirin da wani abu. A cikin jirgin ana kawo shayi ja a ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, tsuntsayen teku suna bin jirgin suna cafe gutsuren burodin simit da fasinjoji ke jefa musu, hasumiyoyin masallatai kuma suna ja da baya a hankali. Miji da matar da suka zauna kusa da juna a wannan jirgi da la'asar sun sami abin da suka fito nema, kuma ɗan kuɗin jirgin kawai suka biya.

Ku kula da lokacin cin abincin mutanen gari. A Sifaniya ba a cika zama cin abincin dare kafin ƙarfe tara ba, kuma a Italiya da Faransa gidajen abinci da yawa suna rufe kicin tsakanin abincin rana da na dare. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura.

Abincin bakin titi ba zai ɓata mana ciki ba?

Yana iya ɓatawa, kamar yadda na babban otal ma yake iya yi, kuma ciwon ciki na yini ɗaya rabin tafiyar ne gaba ɗaya. Ku ci abin da aka dafa ko aka gasa a gabanku aka miƙo da zafinsa, a wurin da ciniki ke tafiya har abinci ba ya daɗewa a ajiye. Ku guji abin da ya huce a buɗe, da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka, da ƙanƙara a inda ba a amince da ruwan famfo ba. Ku duba ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke taɓa abinci. Ku kuma riƙe 'yan ƙullin gishiri da sukari na haɗa ruwan da ake sha idan gudawa ta kama mutum, domin ba su da nauyi kuma suna da rana.

Idan muna neman halal, ko ɗayanmu akwai abin da jikinsa ba ya karɓa fa?

Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san abin da zai tambaya. Naman alade da giya sukan shiga abinci ta hanyar da ido ba ya gani. Taliyar karbonara ta Roma da naman kumatun alade ake yin ta, ana yawan zuba giya a shinkafar risoto, ana amfani da kitsen alade a wasu nau'o'in burodi da kek a Sifaniya da Italiya, girkin Japan kuma yana yawan amfani da mirin, wanda daga giyar shinkafa yake. Saboda haka tambayar ko akwai nama ba ta wadatar ba, sai an tambayi romo da mai da abin da aka zuba a miya. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta abin da ba a ci da harshen garin a takarda ko a waya, a nuna wa mai kawo abinci. Mai rashin jituwa da gyaɗa ko abincin teku ya yi hakan a kowane zama ba tare da jin nauyi ba, ya kuma riƙe maganinsa a jikinsa, ba a cikin akwatin da aka bari a masauki ba.

Ni tarihi nake so, matata kuma kasuwa da hutawa. Yaya za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, domin yawancin tafiye-tafiyen da suka lalace ba ruwan sama ko jirgi ne ya lalata su ba, rashin magana ne tun a gida. Kafin a sayi tikiti, kowannenku ya faɗi abu guda da idan bai yi shi ba zai ji kamar bai yi tafiyar ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne ginshiƙin shirin, ɗaya ranar Asabar ɗaya ranar Lahadi, kuma wanda ba zaɓinsa ba ne ya raka ɗan'uwansa da zuciya ɗaya, ba tare da tsaki ko duban agogo ba. Maigidan da ya tsaya da haƙuri yayin da matarsa ke ɗaga yadi tana taya shi, da uwargidan da ta saurari bayanin wani tsohon gini don ta ga mijinta yana jin daɗinsa, kowannensu ya ba ɗayan kyautar da ta fi tsaraba.

Ba laifi ba ne kuma a rabu na awa ɗaya ko biyu a wuri mai aminci, a sa wuri da lokacin haɗuwa, kowa ya dawo da labarinsa. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne yunwa da gajiya, domin su ne tushen yawancin saɓanin hanya. Idan murya ta fara sauyawa, a nemi wurin zama a sha wani abu kafin a ci gaba da magana. Saurin tafiya kuma na wanda ya fi gajiya ne, musamman idan akwai juna biyu ko ciwon ƙafa. Haka nan kada ɗawainiyar shiri ta taru a kan mutum ɗaya: wani ya ɗauki hanya da masauki, wani ya ɗauki abinci da wuraren zuwa, ta yadda idan abu ya karkace ba za a sami wanda za a ɗora wa laifi shi kaɗai ba.

Yaya za mu tsara kuɗi?

Ku yanke adadin da za ku kashe tun a gida, ku raba shi gida huɗu: hanya, masauki, abinci da shiga wurare, sai abin ko-ta-kwana. Cin abinci mai tsada sau ɗaya ya isa, sauran a yi su a kasuwa da ƙananan shaguna. Idan na'urar biyan kuɗi ta tambaye ku da wane kuɗi za a cire, ku zaɓi na ƙasar da kuke ciki, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Kada ku haɗa kati da tsabar kuɗi duka a jaka ɗaya ko a hannun mutum ɗaya.

Tukuicin mai kawo abinci ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka kusan wajibi ne, a Japan ba a yin sa sam, a Italiya kuma za ku ga an ƙara wani ɗan kuɗi mai suna koperto a kan kowane mutum, wanda kuɗin zama ne da burodi, ba kuskure ba ne.

Me za mu ɗauka?

Jakar hannu ɗaya ga kowane mutum, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabon takalmi a kan titin dutse azaba ne. A haɗa da caja da abin sauya bakin soket, da magungunan da aka saba sha, da taswirar garin da aka sauke a waya don ta yi aiki ko babu intanet. Yawancin filayen jirgi ba sa barin ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Idan za a ƙetare iyaka, a duba biza da wa'adin fasfo da wuri, domin ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata shida, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma wata uku bayan ranar fita.

Akwai ladubban shiga wuraren ibada da ɗaukar hoto?

Akwai, kuma kiyaye su girmama masu wurin ne. A masallatan Istanbul ana cire takalmi, mata kuma su rufe kai. A majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Batikan ba a barin wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa ke waje, namiji ne ko mace. A Maroko yawancin masallatai, har da Kutubiyya ta Marrakesh mai hasumiya mai tsawon mita 77, Musulmi kaɗai ke shiga. Kada a ɗauki hoton mai ibada ko mai sana'a sai da izininsa, kuma a dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh masu wasa suna sa ran a ba su wani abu idan an ɗauke su, don haka a daidaita kafin a ɗaga waya.

Yaya ya kamata mu yi da ranar dawowa?

Ku bar ta da sauƙi. Ku haɗa kaya tun da dare, ku ba masu masauki ajiyarsu da safe, ku yi abin da ya rage a kusa, kamar karin kumallo a shagon da kuka gani jiya ko sayen tsaraba a kasuwar unguwa. Kada ku sa babban wurin kallo a awoyin ƙarshe, domin layi ɗaya mai tsawo yana iya sa ku rasa jirgi. Yammacin Lahadi lokaci ne da kowa ke komawa gida, hanyoyi da tashoshi sukan cika, saboda haka ku ƙara awa guda a kan lissafinku, ku kuma zaɓi tafiyar da za ta kai ku gida da sauran lokacin yin barci sosai kafin aikin Litinin.